Darasi: Yadda Ake Samun Sabon Itace Daga Yankakken Reshe

An shirya darasin wannan fitowa ne domin ƙungiyoyin manoma, Zumuntar Mata da matasan ikilisiyoyinmu. Zai fi amfani idan an raba shi zama biyu. A zama na fari a karanta a tattauna. A zama na biyu kowa ya zo da adda ko reza, a fita waje a gwada.

Me ya sa muke bukatar wannan darasi?

Kowace shekara bayan kaka, mai lambu yakan sare ƙaya, ya tara kara, ya kewaye wurinsa. Kafin damina ta zagayo gara ta ci rabin shingen, sauran kuma an zare an hura wuta da shi. Da awaki sun sami kafa, aikin wata uku yakan ƙare a dare ɗaya, daga nan sai rigima tsakanin maƙwabta. Wanda yake so ya dasa itatuwa kuma yakan tarar dashen leda yana da tsada, ga kuɗin mota daga gari.

Alhali kuwa da yawa daga cikin itatuwan da muke bukata suna nan bayan gidajenmu, kuma za su ba mu dashe kyauta. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ba wanda yake shuka rogo, rake ko dankali da ƙwaya. Jikinsu muke yankawa mu binne. Cediya da durumin da ake hutawa a ƙarƙashinsu a ƙofar gidaje, yawancinsu sanda ce wani ya kafa. Abin da za mu koya shi ne dalilin da ya sa wani reshe yake kamawa wani ya mutu, domin mu daina barin abin ga sa'a.

Abin da ke faruwa a cikin reshen

Reshen da aka raba da uwarsa ba shi da saiwa. Yana rayuwa ne da guzurin ruwa da abincin da ya taho da su, har ranar da zai fitar da saiwar kansa. Idan guzurin ya ƙare kafin saiwa ta fito, ya mutu. Saboda haka abokan gabansa biyu ne: bushewa da ruɓewa. Rana, iska da yawan ganye suna busar da shi. Yawan ruwa, ɗanyen taki da wuƙa mai datti suna ruɓar da shi. Duk ƙa'idodin da za su biyo baya, a kan waɗannan biyu suka tsaya.

A jikin kowane reshe akwai gaɓoɓi, wato wuraren da ganye yake fitowa, kuma a kowace gaɓa akwai ido. Toho yana fitowa daga ido. Saiwa kuma ta fi saurin fitowa kusa da gaɓa ta ƙasa. Itace yana yin wani sinadari da masana suke kira oksin a kan sababbin tohonsa, sinadarin yana gangarowa ƙasa ya taru a bakin yanka, shi ne yake sa wurin ya fitar da saiwa. Wannan ya sa reshe ya san samansa da ƙasansa. Idan aka dasa shi kai a ƙasa, da wuya ya yi kirki.

Abu na biyu da za a riƙe: itacen da aka samu daga reshe, uwarsa ce sak. Idan uwar mai yawan ganye ce, shi ma haka zai zama. Idan mai ciwo ce, da ciwon zai tashi. Wanda aka shuka da ƙwaya yana iya bambanta da uwarsa, amma na reshe ba ya bambanta.

Waɗanne itatuwa ne suke kamawa?

Masu kamawa da babbar sanda, a dasa kai tsaye a gona: aguwa (wasu suna cewa aliyara), bini-da-zugu, dashi, ararrabi, aduruku, cediya, durumi, tsadar Masar da zogale.

Masu kamawa da ƙaramin reshe, gara a fara renonsu a leda: shuwaka, lalle, rumman, inabi, ɓaure, da furannin ado irin su bogambiliya da wardi.

Waɗanda bai kamata a ɓata lokaci a kansu da wannan hanya ba: mangwaro da lemo, su aure ake yi musu. Ɗorawa, gawo, kuka da tsamiya kuwa sun fi sauƙi da ƙwaya. Gwaiba takan kama, amma sai a cikin akwatin leda da za mu yi bayaninsa a gaba.

Zaɓen uwa

1. A zaɓi itace mai lafiya, wanda ba shi da tabo a ganye, ba ƙwari, ba ruɓa a jiki.
2. A ɗebo daga iyaye da yawa. Idan shinge duka daga uwa ɗaya ya fito, ciwon da ya kama ɗaya yana iya kwashe su duka.
3. Kada a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na rassan uwa a lokaci ɗaya.
4. A nemi izinin mai itacen. Reshen da aka sata, ko ya kama, ya haifar da gaba.

Hanya ta fari: babbar sanda

Wannan ita ce hanyar shinge mai rai da itatuwan inuwa.

Lokaci: aguwa, bini-da-zugu, dashi da ararrabi sun fi kamawa idan an yanka su a ƙarshen rani, wajen Afrilu zuwa Mayu, lokacin da ba su da ganye, kafin ruwa ya zauna. A lokacin jikinsu yana cike da guzuri, kuma ƙasa ba ta jiƙe da za ta ruɓar da su ba. Wanda ya jira tsakiyar Agusta zai yi asarar da yawa.

Tsawo: bini-da-zugu da aguwa, santimita 40 zuwa 60, wato kamu ɗaya ko fiye kaɗan. Zogale, mita 1 zuwa 1 da rabi, kaurinsa ya kai ƙotar fartanya, daga reshen da ya shekara. Cediya da durumi, wajen mita 2, domin tohon ya fi ƙarfin bakin akuya.

Yadda za a yi:
1. A wasa adda sosai. A sare da sara ɗaya, kada sandar ta tsage ko ɓawon ya saɓule.
2. A yanke gindin a karkace, kan kuma a miƙe. Ko yaro aka aika da su zai gane inda ne ƙasa.
3. A jingine sandunan a tsaye cikin inuwa kwana 2 zuwa 3 domin bakin yankan ya sha iska. Aguwa tana iya yin mako guda.
4. A haƙa rami ko dogon wuriya. Kada a buga sanda da guduma kamar turke, domin ɓawon gindin yakan kwaɓe, kuma daga nan ne saiwa za ta fito.
5. A binne kashi ɗaya cikin uku na tsawon sandar. A zuba ɗan toka a ramin saboda gara.
6. A mayar da ƙasa a taka ta sosai. Sandar da take motsi in iska ta kaɗa, sababbin saiwoyinta suna tsinkewa.
7. A tara ƙasa a gindin ta yi ɗan tudu, kada ruwa ya kwanta a wurin.

Lissafin shinge: a ce lambu yana da mita 20 a kowane gefe. Kewayensa mita 80 ke nan. Idan za a bar santimita 25 tsakanin sanda da sanda, ana bukatar sanduna 4 a kowace mita, wato 320 a layi ɗaya. A tanadi 400 domin a cike gurbin waɗanda ba su kama ba. Wanda yake da hali ya yi layi biyu, sandar layi na biyu ta tsaya daidai kafar layi na fari. A shekara ta fari a bar tsohon shingen ƙaya a bayansa ya tsare shi. Idan ya yi tsawo a riƙa sare kansa domin ya yi rassa ta ƙasa, abin da aka sare kuma ya zama dashen wani.

Dabbobi ba su cika cin aguwa da bini-da-zugu ba, shi ya sa suka dace da shinge. A Jamhuriyar Nijar har tudun yashi ake tsayarwa da aguwa. Zogale kuwa abincin awaki ne, a dasa shi daga cikin shinge. A sani kuma zogalen sanda ba ya yin doguwar saiwa mai nitsewa kamar na ƙwaya. Yana saurin ba da ganye, amma iska mai ƙarfi tana iya kayar da shi, kuma bai kai na ƙwaya jure fari ba. Mai hikima yakan dasa iri biyun.

Gargaɗi: 'ya'yan bini-da-zugu guba ne, kuma yara sukan ɗauka gyaɗa ce. A koya musu, a kuma riƙa cire 'ya'yan idan shingen yana kusa da gida ko makaranta. Farin ruwan aguwa kada ya shiga ido. Idan ya shiga, a wanke da ruwa mai yawa nan da nan, in zafin bai lafa ba a je asibiti.

Hanya ta biyu: ƙaramin reshe a leda

Wannan hanya tana bukatar kulawa, amma ita ce mai kawo kuɗi, domin dashen rumman, lalle da fulawa suna da masu saye.

Kayan aiki: sabuwar reza ko wuƙa mai kaifi, bokiti da ruwa, ledojin fiya wata da aka yanke bakinsu aka huda gindinsu wuri huɗu ko biyar, farar leda babba wadda haske yake ratsawa, da rumfa.

Ƙasar reno: kwano 2 na yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa, kwano 1 na takin da ya ruɓe sarai har ya koma kamar ƙasa. Idan ba a tabbata takin ya ruɓe ba, gara yashi zalla. Reshe ba ya cin taki sai ya yi saiwa. Abin da yake nema yanzu shi ne danshi da iska a gindinsa. Laka tana riƙe ruwa ta shaƙe shi.

Lokaci: damina, daga Yuni zuwa Agusta, sa'ad da iska take da danshi. Hunturu shi ne mafi muni ga reshe mai ganye.

Yadda za a yi:
1. A yanko da sassafe, kafin rana ta yi zafi. A lokacin ne reshe yake cike da ruwa. A jefa shi cikin bokiti ko a naɗe da jiƙaƙƙen buhu nan take.
2. A zaɓi reshen bana wanda ya fara ƙwari. A lanƙwasa shi a gani: idan ya lanƙwashe kamar igiya, ya yi danye, idan ya ƙi lanƙwasuwa sam, ya tsufa. Na tsakiya ake so. Kada a ɗauki mai fure ko 'ya'ya, domin su za su cinye guzurin.
3. Tsawonsa santimita 10 zuwa 15, da gaɓa 3 ko 4. Rumman, inabi da ɓaure sun fi son reshen da ya ƙosa, mai kaurin fensir, tsawon taƙi ɗaya, wato santimita 20 zuwa 25, ba ganye.
4. A yanka dab da ƙasan gaɓa.
5. A cire ganyen ƙasa duka, a bar 2 a sama. Idan manya ne a rage rabin kowanne da reza. Ganyen da aka bari yana yi wa reshen abinci, amma ta ganye ne ruwa yake fita, shi ya sa ake ragewa.
6. A huda rami da tsinke, a sa reshen har gaɓa 2 su shige, a danna yashin da yatsa.
7. A ba da ruwa sau ɗaya sosai, a bari ya tsane.
8. A jera ledojin a inuwa, a lanƙwasa sanduna a kansu, a rufe da farar leda, a danne gefenta da duwatsu.

A riƙa tsoma rezar cikin ruwan bilic, murfi 1 a murfi 9 na ruwa, duk lokacin da za a koma kan wata uwa. Akwai hodar sa saiwa da ake sayarwa a wasu shagunan kayan gona. Tana taimaka wa masu wuyar kamawa kamar bogambiliya. Ana taɓa gindin reshen a ciki kaɗan a kakkaɓe. Shuwaka, lalle da rumman ba su bukatarta.

Kulawa

Farar leda tana riƙe danshi, amma idan rana ta buge ta kai tsaye cikinta yakan zama tanda, rassan su dahu cikin yini ɗaya. Dole ta kasance ƙarƙashin rumfa ko itace mai inuwa, inda haske yake shiga amma rana ba ta dukan ta.

Kowace safiya a duba. Idan akwai raɓa a jikin ledar daga ciki, danshi ya isa. Idan babu, a yayyafa ruwa a kan ganyen. A buɗe na ɗan lokaci iska ta shiga, a tsince ganyen da ya zube, a cire duk reshen da gindinsa ya yi baƙi kafin ya shafa wa sauran. A damƙi yashin a hannu: ya yi sanyi, amma kada ruwa ya ɗiga.

Yawancin waɗannan suna yin saiwa cikin mako 3 zuwa 8. Bogambiliya takan fi haka daɗewa. Kada toho ya ruɗe mu. Reshe yana iya yin sabon ganye da guzurinsa alhali ba shi da saiwa ko ɗaya. Kada kuma a riƙa tumɓukewa ana dubawa. Bayan mako 4 a ja shi a hankali da yatsa biyu. Idan ya riƙe ƙasa, ya kama.

Wanda ya kama, kada a fitar da shi rana kai tsaye. A riƙa ɗage ledar kaɗan-kaɗan har mako guda, sannan a cire ta. A mako na biyu a ba shi ranar safe kawai. Daga nan a mayar da shi leda mai ƙasa da taki, ko a dasa shi a gona da yamma, bayan an yi ruwa.

Akwatin leda na ƙungiya

Ƙungiyar da take so ta riƙi wannan sana'a tana iya haɗa akwatin reno. Masanin itatuwa Roger Leakey da abokan aikinsa ne suka bayyana shi a 1990, domin wuraren da ba lantarki ba famfo, kuma cibiyar binciken itatuwan gona ta ICRAF ta koya wa manoma da yawa amfani da shi a Kamaru. Ana yin firam na katako, a lulluɓe shi duka da farar leda, gindinsa ya zama ba ya yoyo, a yi masa murfi. A ƙasa a shimfiɗa yashi kaɗan don kada ledar ta huje, sai duwatsu, sai tsakuwa, sai yashin reno a sama. Ana kafa guntun bututu a kusurwa, ta nan ake zuba ruwa har ya kai saman tsakuwar, kada ya hau cikin yashin. Ruwan da yake kwance a ƙasa shi yake riƙe danshi a ciki dare da rana. Kafinta na ƙauye zai iya haɗa shi.

Rogo da dankali

Ƙa'idar zaɓen uwa ta fi nauyi a nan, domin abinci ne. Ciwon da yake sa ganyen rogo ya yi dabbare-dabbare ya murɗe yana bin itacen da aka dasa, ƙananan fararen ƙudaje kuma suna yaɗa shi. Tun rogo yana gona da ganyensa za a zaga a ɗaura ƙyalle a jikin masu lafiya, domin bayan an tuge ba a iya bambantawa. A ɗauki tsakiyar itacen rogon da ya yi wata 8 zuwa 18, a yanka santimita 20 zuwa 25 da ido 5 zuwa 7, a dasa a karkace, kashi biyu cikin uku a ƙasa, idanun suna duban sama. Idan an ba da tazarar mita 1 ta kowane gefe, hekta ɗaya tana cin yanka 10,000. Cibiyar IITA ta Ibadan da cibiyar binciken rogo da doya ta Umudike sun fitar da iri masu jure wannan ciwo, kamar TME 419 a 2005, da rogo mai rawaya mai bitamin A a 2011. A tambayi malamin gona inda za a samu.

Dankali kuma, a yanki kan yaɗon, santimita 25 zuwa 30, a binne gaɓa 3. Gindin yaɗo ya fi ɗaukar ƙwan ƙwaron da yake huda dankali.

Maganar iyaka

Shingen ƙaya na shekara ɗaya ne, amma shinge mai rai yana iya wuce ran wanda ya dasa shi. A wurare da yawa dasa itace alama ce ta mallakar ƙasa. Saboda haka kafin a kafa sanda ko ɗaya, a kira maƙwabcin gona a tsaya a kan iyakar tare, in da hali a gaban mai unguwa. Wanda yake noma gonar aro ko ta haya ya nemi yardar mai ita. Gwauruwar da take noma gonar mijinta marigayi, dattawan ikilisiya su raka ta a yi maganar da dangin mijin tun da wuri. Kada a toshe burtali, ko hanyar rafi da mashaya. Mun dasa shinge ne don a rage faɗa a kan ɓarna. Kada shi kansa ya zama abin faɗa.

Nazarin Littafi Mai Tsarki

A karanta Ayuba 14:7-9, Ezekiyel 17:22-24 da Yohanna 15:1-8.
1. Wane bege Ayuba ya gani a jikin itacen da aka sare?
2. A cikin Ezekiyel, wane ne ya yanki reshen, kuma su wa suka amfana da itacen da ya girma?
3. Mun koyi cewa reshe yana iya yin ganye ba tare da saiwa ba, na ɗan lokaci. Me wannan yake tuna mana game da koyarwar Yesu a Yohanna 15?

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne itatuwa ne iyayenmu suke dasawa da sanda a wannan gari? Akwai waɗanda ba a ambata a darasin ba?
2. Kwana nawa kowannenmu ya yi a kan gyaran shinge bara, kuma nawa ya kashe?
3. Su wa suke da iyaye masu kyau da za su yarda a yanka?
4. A cikinmu wa ya fi bukatar shinge amma ba shi da ƙarfin yi? Za mu iya yi masa gayya?

Aikin da za a yi kafin taro na gaba

Kowane mutum ya dasa rassa 20 na iri ɗaya: 10 a ƙarƙashin farar leda, 10 a inuwa ba leda. Sakataren ƙungiya ya rubuta sunan itacen, ranar da aka yanka, da adadin da ya kama bayan mako 6. Ku ba ma'aikacinmu na yankinku sakamakon idan ya zo ziyara, domin mu buga shi sauran ƙungiyoyi su ƙaru. Ko guda 5 ne suka kama cikin 20, ku rubuta yadda yake. Da shi za mu san abin da ya dace da ƙasar kowane yanki.

Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanku, ya ba mu damina mai albarka. Amin.